Kurege da Gangar Gayya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Haba! Wace irin amsa ce wannan, kamar ta waɗanda ba su ci tuwo ba? Ke Barmani, bar sosa kan nan ki matso. To, ta zo ɗin, sai ku buɗe kunne.

Wani gari ne na namun daji, can a bakin wani rafi. Mai garin Kunkuru ne, tsoho tukuf, maganarsa a hankali kamar tafiyarsa. Wata shekara da bazara sai ga Kurege ya iso da matarsa Tabawa, daga su sai tabarma da tukunya ɗaya. Fari ne ya koro su daga garinsu. Kunkuru ya dube su, ya ce, "Ga fili can bayan tsamiya, ku tona gida. Ga gona a gefen fadama, ku noma. Ƙasar gari ce, muddin kuna cikinmu taku ce."

Sai Kurege ya tona rami, ya shuka gyaɗa. Gyaɗa kuwa ta karɓi ƙasa, ta yi shar. Duk duniya ba shi da abin da ya wuce gonar nan da ramin nan, in ya rasa su sai dai su sake naɗe tabarma su shiga uwa duniya.

Shi fa Kurege ba rago ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya, son jin ƙwaƙwaf. In ya ga tukunya a rufe, ba shi da sukuni sai ya buɗe. In ya ga tururuwa ta ɗauki ƙwaya, sai ya bi ta har gida ya ga inda za ta ajiye. Irin Tanimu ke nan, da ya farke mini matashin kai don ya ga abin da ke ciki. Kana jina ai.

Ana nan, ana nan, damina ta yi nisa, marka ta kama. Gero ya fid da kai, ruwa ba dare ba rana. Lokacin aikin gayya ke nan a garin. In akwai aikin da ya shafi kowa, sai Kwaɗo makaɗi ya rataya ganga ya buga. Da jin ganga sai ka ga gari ya fashe, mai fartanya da mai kwando, mata da tulu da ƙwaryar fura, har gurgu yana jan gindi yana bin su.

Abin ya ɗaure wa Kurege kai. A garinsu na da, sai dogari ya bi gida gida da bulala kafin a fito. Nan kuwa ba dogari, ba bulala, ba mai duba wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Sai ya tare Kwaɗo, ya ce, "Makaɗi, wanda ya ji ganga ya ƙi fita, me ake yi masa?"

Kwaɗo ya zaro ido, ya ce, "Ya ƙi fita? Kamar yaya?"

Sai ya je wurin maƙwabciyarsa Bushiya, ya ce, "Gwaggo, wanda ya ji ganga ya ƙi fita, me ake yi masa?"

Bushiya ta ce, "Ɗan nan, kaina ya yi furfura a garin nan, ban taɓa gani ba."

Sai ya je wurin mai gari, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ji ganga ya ƙi fita, me ake yi masa?"

Kunkuru ya dube shi, ya ce, "Mai rai?"

Ya ce, "Mai rai mana."

Kunkuru ya ce, "Ba a yi wa mai rai komai." Ya mayar da kansa cikin ƙoƙonsa.

Kurege ya koma gida, tambaya tana cinsa kamar ƙaiƙayi. Ya ce wa matarsa, "Tabawa, tun da ba wanda ya sani, ni zan gwada in gani."

Ta ce, "Maigida, rufa mana asiri. Mu baƙi ne, gonar nan kuma ta gari ce. Kada ka ja mana."

Ya ce, "Ke dai ki zuba ido. Ai matambayi ba ya ɓata."

Ta ce, "Ni dai in an buga zan fita."

Ba a jima ba aka buga ganga. Kwatar da ke fitar da ruwa daga gari ta toshe, za a yashe. Tabawa ta ɗauki tulu ta fita. Kurege ya shige ƙuryar rami ya lafe, kunne a tsaye, yana jiran ya ji takun masu zuwa kama shi. Shiru. Can da azahar sai ga sallama. Bushiya ce da ƙwaryar fura, an dama ta da nono mai kauri.

Ta ce, "Sannu Kurege. Ya jiki?"

Ya ce, "Jiki?"

Ta ce, "Ba mu gan ka ba, muka ce lalle zazzaɓin damina ne ya kayar da kai."

Nan take Kurege ya ƙirƙiro tari, ya ce, "Da sauƙi, Gwaggo." Tana juya baya ya kafa kai, sai da ya ga gindin ƙwarya. Ya lashe baki ya ce, "Ikon Allah! Ashe fura ake ba mutum. To wannan na farko ne, bari mu ga na biyu."

Aka sake buga ganga. Rafi ya cinye kadarkon da ake bi a je kasuwa, za a sa sababbin itatuwa. Tabawa ta ɗauki tulu ta fita. Kurege ya lafe, yana haɗiyar yawu yana jiran fura. Da azahar sai ga Bushiya, amma ba ita kaɗai ba, da wasu ƙarti biyu a bayanta. Ƙwaryar da ke hannunta kuwa jiƙon maɗaci ne, baƙi ƙirin.

Ta ce, "Wayyo ɗan nan, ashe jikin ya yi tsanani haka? Ku riƙe mini shi."

Kurege ya ce, "Gwaggo, na warke! Wallahi na warke!"

Ta ce, "Ji, har ya fara sambatu. Ku toshe masa hanci."

Suka danne shi, aka ɗura masa maɗaci har ɗigon ƙarshe. Ku daina dariya, ku ba ku san maɗaci ba. Mutane suka yi ta shigowa dubiya, kowa ya leƙa sai ya girgiza kai, ya ja Tabawa gefe ya ce, "Sai addu'a."

Da aka watse Tabawa ta durƙusa ta ce, "Maigida, don girman Allah ya isa haka. Ka ga abin da kake son gani."

Kurege yana tofar da yawu ya ce, "Na farko fura, na biyu maɗaci. Yanzu in na bari ban ga na uku ba, ai ba zan sake barci ba."

Kun ji fa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Aka buga ganga ta uku. Gero ya kusa isa girbi, za a share masussuka, washegari kuma a yi bikin cin tumu, a gasa sabon gero kowa ya ɗanɗana. Tabawa ta fita tana share hawaye. Kurege ya lafe. Azahar ta yi, ba fura, ba maɗaci, ba ko sallama. Sai da la'asar ya ji takun jama'a, gari kaf. Ya leƙo. Sai ya ga ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar raminsa, maza a gefe, mata a gefe suna sharɓar kuka.

Kunkuru ya zauna, ya dubi Tabawa, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kurege. Mutum ne mai yawan tambaya, amma ba shi da abokin faɗa."

Jama'a suka ce, "Amin."

Kurege ya yi tsalle ya dira a tsakiyarsu, ya ce, "Wane Kuregen? Ga ni nan!"

Ko kallonsa ba wanda ya yi.

Kunkuru ya ci gaba da magana da Tabawa, ya ce, "'Yar nan, ke baƙuwa ce, bari in gaya miki. Tun kakanninmu, mai rai ba ya jin ganga sau uku ya zauna. In bai fito ta farko ba, ciwo ne. In bai fito ta biyu ba, ciwo ya ci ƙarfinsa. In aka yi ta uku, to sai dai mu yi haƙuri da shi. Ke za ki koma ɗakin Bushiya. Gonar mamaci kuwa ta dawo hannun gari, in an gama cin tumu a raba."

Kurege ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya kama hannun Kwaɗo yana girgizawa, ya ce, "Makaɗi, dube ni! Ni ne fa!"

Kwaɗo ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Jama'a, wata iska nake ji a wurin nan."

Aka shafa addu'a, aka tashi, Bushiya ta ja Tabawa suka tafi.

Washegari Kurege ya shiga gari. Ya yi sallama, ba amsa. Ya taya ƙuli a kasuwa, mai ƙuli ta ci gaba da korar ƙuda. Yara suka hango shi suka watse suna ihu, "Fatalwa! Fatalwa!" A dandali ana gasa tumu, ƙamshi ya cika gari, ana kiɗa ana raha, kowa da zangarniyarsa a hannu. Ya tsaya a gefe har aka gama, ba wanda ya miƙa masa ko ƙwaya. Ya bi ta gonarsa, ya tarar har an kawo turakun da za a kafa a raba ta. Nan ya zauna ya yi kuka, kuka na gaske. Ni kaina in na zo nan wurin sai ya ba ni tausayi, duk da shi ya ja wa kansa.

Ya koma rami shi kaɗai. Da gari ya waye sai hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa da ma ta sha marka ta ƙoshi. Sai ji kake rugum! Bakin ramin ya rufta. Kurege ya tona nan, laka ta zubo. Ya tona can, laka ta zubo. Ruwa ya fara tsattsafowa, ya kai masa gwiwa, ya kai masa ƙugu. Ya yi ihu, ya tuna ashe shi matacce ne, wa zai amsa?

Allah ya sa Tabawa ta kasa zama, ta biyo cikin ruwa ta duba shi. Ta ga ba ƙofa sai tulin laka. Ta kwasa da gudu tana kururuwa sai gidan mai gari.

Can ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya kai wa Kurege wuya. Sai ya ji wani abu daga nesa. Ganga ce. Ya kasa kunne. Sai ya ji ƙasa tana rawa, ƙafafu ne ta ko'ina, masu gudu da masu ɗingishi, duk sun nufo inda yake. Sai ƙarar fartanya a kansa. Ba wanda ya tsaya jiran ruwa ya ɗauke.

Aka yi ta tono har haske ya shigo, kan Kurege ya ɓullo, laka har cikin kunne.

Sai Kunkuru ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata. Mu fa jana'iza muka zo, don binne mamaci ma aikin gari ne. Ga rami an samu, saura rufewa. Amma kamar na ga gawar tana ƙifta ido. Kai na cikin rami, matacce ne ko mai rai?"

Kurege ya ce, "Mai rai ne, ranka ya daɗe!"

Kunkuru ya ce, "Da me za mu gane?"

Kurege ya dubi jama'a, kowa jiƙe sharkaf saboda shi, Gwaggo Bushiya da tsufanta tana haki da kwandon laka a ka. Kunya ta kama shi. Ya zaro hannu ɗaya ya ce, "A miƙo mini fartanya."

Aka miƙa masa. Yana sara daga ciki, suna sara daga waje, har ya fito. Bai ajiye fartanyar ba sai da aka gyara bakin ramin, aka yi wa ruwa hanya.

Kunkuru ya ce, "Tabawa, share hawayenki, mijinki ya farfaɗo. A je a kwashe turakun nan daga gonarsa." Sannan ya juyo ya ce, "Kai kuma, tambayarka fa? Ko akwai sauran abin da kake son gani?"

Kurege ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. A da, daga waje nake jin ganga. Yau na ji ta daga cikin rami, ni ake buga wa."

To kun ji. In aka yi kiran aikin gari ka ce ba naka ba ne, ka tuna wata rana kai za a buga wa. Shi ya sa har yau in kuka ga kurege a gona, yana cikin tono sai ya miƙe tsaye cak a kan ƙafafunsa na baya, ya kasa kunne. Saurarawa yake ko an buga bai ji ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In akwai mai cewa ƙarya na yi, gobe da safe in an kira shara ya kwanta ya gani.