Dodon Koɗi a Tukunyar Kande

Ku yi shiru ku ji dalilin da ya sa dodon koɗi ke yin ƙwai ko da shi kaɗai aka rufe a tukunya.

Ranar wata Laraba ce, ƙarshen bazara, hadari ya haɗo amma ruwa bai sauka ba. Wani tsoho mai suna Nomau ya je sharar gonarsa a bakin fadama. Matarsa Kande ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, babu mai taya shi kwashe karan bara. Sai ya cinna wa karan wuta a inda yake.

A wancan zamanin dodon koɗi bibbiyu suke yawo, miji da mata, kamar tantabaru. Da rani duk danginsu kan taru a ƙarƙashin kara, su toshe bakin koɗinsu, su yi ta barci har ruwan fari. Nomau ya san da haka. Gajiya ce ta mantar da shi.

Da wuta ta mutu ya ji wani abu na farfashewa a ƙarƙashin takalminsa. Ya duba, koɗi ne birjik, duk sun ƙone. Mace ɗaya ce ta rage a gindin wani dutse, bayanta ya tsage.

"Baba Nomau," in ji ta, "ina mijina?"

Ya tona toka da sandarsa. Ta gane koɗin mijin, ya yi baƙi ƙirin.

"Ka ƙarar da mu."

"Mantuwa ce," in ji shi.

"Mantuwar taka ce za ta haifa mini 'ya'ya?"

Ya ɗauke ta tare da koɗin mijin, ya sa su a tukunyar miyar Kande, da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen kabewa. Damina ta sauka. Ya bi fadama-fadama yana neman namiji ko guda, har ƙafarsa ta kumbura. Bai samu ba.

"Daina wahala, tsoho," ta ce masa. "Ni da kai duk ɗaya ne, ranar da muka mutu gida ya zama kango. Nawa koɗin ya tsage, iska na shiga. Matso mini da nasa."

Ta fita daga nata ta shiga na mijin. Abin da wuta ta rage na jikinsa ya manne da nata. Ta zama ita ce mijin, ita ce matar, a ɗaki ɗaya.

Wata safiya Nomau ya ɗaga murfi, sai ga ƙwai farare, tsibi guda, kamar ƙwayar dawa. Ya jira, ya jira. Ƙwan suka ruɓe. Ta sake yi, suka sake ruɓewa. A na ƙarshe ɗaya tak ya fashe, ɗan mitsitsi ya fito. Uwar ba ta gan shi ba, ta riga ta bushe a cikin koɗin mijinta.

Shi ya sa har yau kowane dodon koɗi namiji ne kuma mace. In kun rufe shi shi kaɗai zai yi ƙwai, mafi yawansu kuwa ruɓewa suke yi.

Washegari Nomau ya kai ɗan fadama, ya ajiye shi a gindin dawa inda akwai laima. Ya dawo gida ya wanke tukunyar Kande, ya kife ta.