Fuskar Ladan a Bikin Mashaya

An yi wani mutum a unguwar Sa'alaba da ke Jidda, haihuwar garin, jikan alhazan da suka zo suka zauna. Allah ya ba shi baiwar rubutu da zane. Allunan shaguna nasa ne, ayoyin bangon masallatan unguwa nasa ne. Ba shi da gidan kansa, ba shi da mota, abin da ya mallaka shi ne yardar mutane, har suka bar shi yana rubuta musu sunan Allah.

Amma yana da girman kai. Ya fara rubuta aya a saman mihirabin masallacinsu, ya bar ta rabi, wata huɗu. Ladanin masallacin, wani dattijo mai gajeren gemu da giɓi a haƙori, ana ce masa Ammu Gwadabe, wato Baffa Gwadabe, ya yi masa faɗa a gaban jama'a, ya ce ba a barin maganar Allah a tsakiya. Sai mutumin ya ƙullace shi.

Ana nan sai wani attajiri ya kira shi gidan shaƙatawarsa a bayan gari, ya nuna masa hoto a waya. Zanen Turawa ne na shekaru ɗari huɗu da suka wuce, zamanin da suke kira Barok, bikin gunkin giya na mutanen da. Maza da mata a daji rabi tsirara, ganyen inabi a ka, tuluna na zuba, wasu da ƙafafun akuya. A tsakiya ga wani tsoho mai tumbi a kan jaki, ya bugu har sai an tallabe shi. Attajirin ya ce a cika masa bangon falo da shi.

Ya 'yan uwa, hannun da ya rubuta bisimilla? Ya karɓa. Da ya zo kan tsohon nan na jaki, sai Shaiɗan ya raɗa masa wata dabara. Ya zana masa gemun ladan, da giɓin, har da tabon sallah a goshi. Ya ja da baya ya yi dariya shi kaɗai, ya ce ai wa zai gani?

Bayan shekara biyu aka sayar da gidan. Sabon mai shi ya rataya labule a bangon, ya shiga ba da haya ga masu biki. Da ƙaramar sallah iyalan Sa'alaba suka haɗu suka kama wurin don cin abincin rana. Zafi ya dame su, wata mata ta ja labule tana neman makunnin na'urar sanyaya ɗaki.

Zanen ya bayyana. Ga ladaninsu na shekara talatin a kan jaki, giya na zuba a gemunsa. Ba a tambayi wa ya yi ba, don kowa ya san hannun. 'Yar mai zanen, Sadiyya, ta dubi bangon, ta dubi ubanta, ta ja mayafi ta fita.

Daga ranar aka daina ba shi aiki. Masu shaguna suka sauke allunansa. In ya shiga sahu sai na kusa ya matsa. Sadiyya takan ajiye masa abinci ba ta ce uffan ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Har ya daina zuwa masallaci, saboda ba ya iya jin muryar da ke kiran sallah.

Wallahi da ni ne ladan, ban san abin da zan yi ba. Shi kuwa, ran nan bayan sallar asuba, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da bokitin farin fenti a hannu. Ya ce, “Ya waladi, ɗana, na yi kuka a kan abin nan, na gama. Yalla, tashi, ɗauki buroshinka, ni zan riƙe tsani.”

Suka tafi gidan shaƙatawar, mai shi ya buɗe musu da murna. Mutumin ya shafe bango yana hawaye. Da fentin ya bushe, sai jan giyar ya sake bayyana ta ƙarƙashi, har da inuwar gemun. Ya zauna a ƙasa ya ce shi ke nan, Allah bai karɓa ba.

Ladan ya ce, “Wa ya ce maka halas, an gama? Kai da sana'arka, ba ka san ja ba ya ɓuya da shafa ɗaya? Hau ka ƙara.”

Sai a shafa ta uku bangon ya yi fari.

Ya 'yan uwa, kun ga abin da ƙullata ke sa mutum, kun ga wanda ya ce wa zai gani. Amma kada wanda ya tuba ya ga tsohon laifinsa ya leƙo ya yanke ƙauna. Ya sake hawa tsani. Mu kuma da muke sahu, in mai laifi ya dawo, mu matsa masa wuri.

Allunan da aka sauke ba su koma ba. Sai dai ayar mihirabi ta cika, kuma ranar da ya ƙarasa ta, Sadiyya ce ta kawo masa ruwa ta ce, “Sannu, Baba.”

Allah ya kiyaye mu daga abin da hannayenmu za su zana mana, ya ba mu masu riƙe mana tsani. Amin.