Dokar Malam Arzika: Ba a Waiwaye

Akwai wani mai horar da 'yan tsere a Dakoro, ana kiran sa Malam Arzika. Shi bai san filin wasa ba. Cikin rairayin hanyar Ɗan Gulbi yake kora yaransa da rana tsaka, ba takalmi, yana bin su a kan moto, wato babur.

Dokarsa ɗaya ce: ba a waiwaye. Ko ɗan uwanka ne ya faɗi, tsallake shi. Kuma mutumin nan mugu ne wajen gwaji. Yakan tsaya a baya ya ƙwala ihu kamar maciji ya sare shi, wanda duk ya juyo ya cire shi daga gasa.

Zakiru ya fi kowa sauri, amma yana da tausayi. Bara abokinsa Kamilu ya suma a hanya, ya koma ya ɗauke shi. Malam Arzika ya hana shi zuwa gasar Maradi, ya ce a gaban jama'a mai zuciyar mata ba ya cin kofi. Zakiru ya sha kuka, ya rantse bana ko sama za ta faɗo ba zai juya ba.

Ranar zaɓen masu tafiya gasar bana, sun yi nisa cikin daji sai moton ya kife. Ya danne ƙafar Malam Arzika, ƙarfen hayaƙi mai zafi ya manne da naman. Ya yi ta kiran Zakiru, don ya san shi ne mai juyowa. Zakiru ya ji, amma ya tuna bara, ya ƙara wuta. Sauran suka bi shi.

Sai da la'asar wasu makiyaya suka tsinci Malam Arzika. Likita ya ce ƙafar ba ta gyaruwa, aka yanke.

Da Zakiru ya je gaishe shi, Malam Arzika ya tambaya ko bai ji kiran ba.

"Na ji ka sarai, Malam," in ji Zakiru. "Na ɗauka gwaji ne. Ka ga ban waiwaya ba. Za ni Maradi?"

Malam Arzika ya juya fuska bango yana hawaye.

Darasi: Wanda ya kashe tausayi a zuciyar waɗanda yake koyarwa, ranar da ya faɗi babu mai ɗaga shi. Ku tura wa iyaye da malamai.