Mai Jinyar Tsohuwa

Akwai wata baiwar Allah da abokan aikinta ke kira Mai Jinyar Tsohuwa. Ba don mahaifiyarta da take jinya a gida ba ne. Tsohuwar da suke nufi manhaja ce, irin wadda ake ɗora wa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin kamfani a intanet. Kyauta ake ba da ita, rubutunta a buɗe yake, kowa ya ɗauka.

Da aka fitar da sabon samfuri, gwanaye duk suka koma can. Aka bar tsohon a hannun 'yan sa-kai kaɗan, ita ce kan gaba. Ranar aiki tana ofis, ranar hutu tana toshe ɓarakar Tsohuwa, ko sannu ba mai ce mata.

Wata rana suka zauna tsara yadda za su ci gaba da kula da ita na wasu shekaru. Hannu ya yi kaɗan, sai suka yanke shawara: duk ɓangaren da mai amfani da shi ya yarda ya riƙa gwada gyaran da aka yi, za a riƙe shi. Wanda ba a samu mai gwadawa ba, a sake shi.

Yayanta yana da kamfanin motocin haya, kuma ɓangaren da ke haɗa shafinsa da tsofaffin na'urorin buga tikiti, shi kaɗai ya rage yana amfani da shi. Ita kuwa ba ta da na'urar, balle ta gwada.

Ta tare shi da maganar a falon Inna, mahaifiyarsu, ya miƙe ƙafa yana latsa waya, ita tana durƙushe tana shafa wa Inna magani a gwiwa.

"Yaya, don Allah ka ba ni ma'aikaci ɗaya da na'ura ɗaya mu riƙa gwaji. In ba haka ba za a saki ɓangarenka."

Ya kwashe da dariya. "Abin kyautar ne har da sharaɗi? Ke ba aikinki ke nan ba?"

"Ba aikina ba ne, Yaya. Taimako ne."

"To ki ci gaba da taimakon. Ma'aikatana ba na wasan yara ba ne."

Wasan yara! Abin da mutum ke ci da shi, yake sha da shi, yake sauya mota da shi! Ranta ya yi mummunan ɓaci, amma yaya yaya ne, ta haɗiye. Ta sake tuna masa a waya, ya ce ta cika mita. Wa'adi ya cika, aka saki ɓangaren, aka sanar a fili.

Ba a rufa wata biyu ba masu kutse suka shiga shafin Yaya ta wannan ɓangaren. Safiya guda aka sayar da kowace kujera ga mutum uku. Tasha ta kaure da ihu, wani ya riƙe kwalar direba, wata ta zauna a ƙofar mota ta ce sai dai a taka ta.

Sai ga Yaya ya faɗo falo, gumi sharkaf, hularsa a hannu.

"Tashi ki gyara mini yanzu-yanzu! Wane irin sakarci kuke yi?"

Tana ba Inna ruwa a lokacin. Ta ajiye kofin a hankali.

"Da me zan gyara, Yaya? Da na'urar da ka hana ni? Manhaja muka ba ka kyauta, ba kanmu muka ba ka ba. Na roƙe ka a kan wannan kujerar, ka ce wasan yara ne. To ga wasan nan, je ka kalla!"

Ya juya wajen Inna. "Kina jin yadda take yi mini magana?"

Inna ta dube shi tsaf.

"Na ji. Ni ban san wannan tsohuwar taku ba, amma na san halin da take ciki. Ni ma ai haka kake mini. Ka zo, ka zauna, ka tarar da ni fes, ka tafi. Ka taɓa tambayar wa ke ɗaga ni da safe?"

Yaya ya sa hularsa ya fice.

Da yamma ya dawo rungume da na'urar da kansa, ma'aikaci na biye da shi. Ƙanwar ta karɓa ba tare da ta dube shi ba, don fushinta bai sauka ba. Sun kwashe kwanaki kafin shafin ya miƙe, fasinjoji da yawa kuwa ba su sake dawowa ba.

Ranar da aka gama, ya miƙa hannu zai ɗauki na'urarsa. Ta dafe ta, ta miƙa masa kwalbar maganin gwiwa.

"Wannan ta zauna a nan. Waccan tsohuwar kuma yau layinka ne."

Darasi: Duk abin da ka tarar yana aiki lafiya lau, akwai wanda ke wahala a bayansa, ko manhaja ce ko mahaifiya. Kyauta ba ta mayar da mai bayarwa baranka. In mai ɗawainiya ya ce ka kama masa, kama tun bai saki ba. Ku tura wa wanda ya saba cin moriya bai taɓa sa hannu ba.