Inuwar da Shugaban Kwaleji Ya Nema

A wata kwalejin ilimi, zafin rana ya ishi ɗalibai, don duk faɗin harabar babu bishiyar da ko akuya za ta fake. Sai ɗalibai suka tura Hansatu, 'yar aji biyu, wurin shugaban kwalejin, Dakta Maikano, ta roƙo kuɗin dashen itatuwa ɗari biyar.

Dakta, wanda ya yi suna wajen maƙo, ya ce, "'Yata, ni ba na biyan abin da ban gani ba. Ki kawo mini inuwar itatuwan nan ofis in zauna a ciki, sannan in sa hannu."

Gaban Hansatu ya faɗi, don damina ta kusa, in ta wuce kuwa sai baɗi. Can sai ta murmusa.

"Ranka ya daɗe, wannan doka ta yi kyau. Ta hau kan kowa, ko?"

"Kowa da kowa!"

"Madalla. Bari in je in yi wa ɗalibai albishir."

"Albishirin me?"

"Cewa kada kowa ya biya kuɗin makaranta sai ya ga takardar shaidar gama karatunsa a hannu. Mu dubu huɗu ne, kuma babu wanda ya ga tasa tukuna."

Dakta ya zabura. "Ke, tsaya! Ai shi ilimi sai an yi haƙuri yake nuna!"

"Haka ma inuwa, ranka ya daɗe."

Dakta ya bushe da dariya, ya jawo biro. "Miƙo takardar nan, kafin ki rufe mini makaranta."