Ranar da Hoto Ya Ɗauke a Rumfar Alhaji Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da akwatin talabijin bai wuce ɗaya ba a gari guda. Sunansa Ilu. Facin keke yake yi a gindin wata tsamiya, ba shi da faɗa, ba shi da yawan magana. Abin da ya bambanta shi da mutanen garin shi ne yana jin Turanci, don ya taɓa yin aikin kuku a gidan wani injiniyan reluwe kafin ya dawo gida.

A garin akwai rumfar kallo ta wani Alhaji Nomau. Akwatin ba mai kala ba ne, da batirin mota ake kunna shi, eriyarsa kuma tana ɗaure a kan wata doguwar gora. Duk Asabar bayan la'asar ana nuna wani shiri na Turawa da aka daɗe ana yi, har waɗanda suka fara kallonsa suna samari suka yi aure suka haihu bai ƙare ba. Labarin wani jirgi ne mai yawo tsakanin taurari. Mutanen garin suka sa wa shirin suna Ayarin Sama, shugaban jirgin kuma suna ce masa Madugu. A cikin jirgin akwai baƙaƙe akwai farare, akwai mata masu ba da umarni, akwai ma halittun da ba 'yan'adam ba, wani har da ido uku, kuma dukansu tare suke cin abinci. Dokar Madugu ita ce duk halittar da ke jin ciwo tana da hakki, ko da fuskarta ba ta yi maka ba.

Da yake ba mai jin abin da ake faɗa, sai Alhaji ya rage muryar akwatin kaɗan, Ilu ya tsaya a gefen akwatin yana mayarwa da Hausa. To, ku saurara, 'yan'uwa. Masu irin wannan aiki a garuruwan maƙwabta gishiri suke zubawa son ransu. Su sa Madugu ya yi ashar, su haɗa soyayya inda babu ita, jama'a su yi ta shewa. Ilu ba ya yi. Abin da aka faɗa shi yake faɗa, in kuma magana ta kuɓuce masa sai ya ce, "Wannan ta wuce ni."

Ƙaninsa Sallau, wanda kullum yake bencin gaba, shi ya fi kowa tsokanarsa.

"Haba Yaya, miyarka ba yaji. Mai ido ukun nan ya yi surutu kamar na mai tallan magani, kai kuma ka ce wai ya ce to?"

"To ɗin ya ce, sai dai ya ja ta."

Aka yi ta dariya, aka ci gaba da kallo.

Ana nan, ana nan, sai wata damina, ranar kasuwar tsallake, kwalekwale ya kife da mutane a tsakiyar kogi. Kowa ya fita da ransa ban da Sallau. Mai kwalekwalen wani baƙo ne daga can kudu, ana ce masa Ato. Hausarsa ba ta nuna ba, ba ya salla tare da jama'a, ba shi da kowa a garin. Aka ce shi ya labta wa jirgin buhuna fiye da ƙima. Mai gari ya kulle shi a ɗakin da ke cikin zaurensa kafin 'yan sanda su zo, amma ruwa ya cinye hanya, mota ba ta iya shigowa.

Samarin gari kuwa sun gama shawara. Jagoransu wani mahauci ne, Gagare, aminin marigayin. So suke su fito da Ato su jefa shi a daidai inda Sallau ya nutse. Abu ɗaya ya tsayar da su. A al'adar garin, jini na dangi ne, ba mai ɗaga hannu a kan wanda ake zargi sai mai jini ya ba da baki. Mahaifin su Ilu ya rasu tun tuni, saboda haka bakin Ilu ake jira.

Shi kuwa yana zaune a tabarmar makoki, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Kada ku ɗauka zuciyarsa fara ce a lokacin. Shi ya wanke gawar ƙaninsa da hannunsa, shi ya share yashin da ke cikin kunnensa. In ya rufe ido ba abin da yake gani sai Ato a cikin ruwa, kuma ganin yana yi masa daɗi. Ya san haka, yana kuma jin tsoron kansa.

Ranar Asabar, bayan an yi addu'ar uku, Gagare ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Yaya Ilu, tashi mu je rumfa. Sallau bai taɓa fashin Ayari ba. Ka yi masa na yau."

Ilu ya tashi ya bi shi. Da shigarsa ya ga rumfar ta cika fiye da kullum, ya kuma ga sanduna a kwance ƙarƙashin benci. Ya je ya tsaya a wurinsa na gefen akwatin.

Shirin ranar ya zo da abin da ba wanda ya zata. An kama wata halitta da ta jawo gobara a jirgin, gobarar ta kashe matuƙi, abokin Madugu tun ƙuruciya. Ma'aikata suka ce a buɗe ƙofa a wurga ta cikin duhun sama. Madugu ya ɗauki bindiga ya nufi ɗakin da aka tsare ta. Ilu yana ta fassarawa.

"Kamar an aiko mana," in ji Gagare. Ya miƙe ya dubi jama'a. "To, Yaya Ilu, mu dai ba mu iya dogon zance ba. Abin da Madugu ya yi yau, shi za mu yi. Ka yarda?"

Ilu ya yi shiru, mutane kuma suka ɗauki shirun a matsayin yarda.

A daidai nan iskar hadari ta taso ta juya gorar. Hoto ya ɗauke, ba abin da ake gani sai tsaki-tsaki kamar an watsa gero, amma murya tana nan. Alhaji ya fita da gudu yana murɗa gorar, hoto ya ƙi dawowa. Can sai aka ji ƙara a cikin akwatin, ƙarar ƙarfe mai nauyi.

"Ya harbe ta," wani ya ce daga baya. Hannuwa suka fara laluben ƙarƙashin benci. Duk idanu suka koma kan Ilu.

Ku saurara da kyau, don nan jarrabawar take. Ba a nemi ya yi ƙarya da harshensa ba. Kai kawai zai gyaɗa. Ko ma ya ce wannan ta wuce shi, kamar yadda ya saba, ba wanda zai zarge shi, kuma kafin magariba an gama da Ato. Ba hoto, ba shaida, ba wani mai jin Turanci a garin. Kuma abin da ransa ke so ke nan.

Ya daɗe yana kallon wurin da Sallau yake zama. Sannan ya ce, "Bai harbe ta ba. Bindigar ya yar a ƙasa, ita kuka ji."

Muryar Madugu tana ci gaba, Ilu ya bi ta a hankali.

"Ya ce mata, na fi kowa son in ga mutuwarki, shi ya sa ban cancanci in yanke miki hukunci ba. Za mu kai ki inda za a ji ta bakinki."

"Ƙarya ne," in ji Gagare. "Naka ka sa mana."

Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Kai Gagare, tun kana tallan balangu muke roƙon mutumin nan ya ƙara mana ko kalma ɗaya ya ƙi. Sai yau ya koya?"

Wasu suka yi dariya ba da son ransu ba. Gagare ya fusata.

"To sai me? Wasan Turawa ne. Ba ƙanin kowa ya mutu a ciki ba."

"Gaskiyarka," Ilu ya ce. "Nawa ne ya mutu. Kuma ban ba da baki ba."

Ya fita cikin yayyafi, ya tafi ƙofar zauren mai gari, ya zauna a bakin ɗakin da Ato yake. Nan ya tare, ba ya tashi sai salla, har aka gyara hanya 'yan sanda suka iso. A duk zaman nan bai yi wa Ato magana ba, bai ma iya kallon fuskarsa ba. Gadinsa kawai ya yi.

Kada ku zaci zan ce muku an gano Ato ba shi da laifi. Yana da shi, alƙali kuma ya ɗaure shi. Amma a gaban alƙali an ji abin da ba a ji ba a gari, cewa ya faɗa wa fasinjoji jirgi ya cika, suka yi masa ca, suka ce baƙo ba zai sa su kwana a tsallake ba. Waɗanda suka faɗi haka, wasunsu suna cikin masu sanduna a rumfa.

Kada kuma ku zaci an yaba wa Ilu. Mahaifiyarsa ba ta amsa gaisuwarsa ba har kaka ta yi. Gagare ya koma kai kekensa wani gari. Wasu suka riƙa cewa ya fifita arne a kan ɗan'uwansa. Ya ji, ya ci gaba da facinsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so mu ɗauka. Mai fushi ba ya zama alƙali, ko da shi aka zalunta, musamman ma in shi aka zalunta. Baƙon da ba ya jin harshenka, ba ya bin addininka, yana da hakkin a ji ta bakinsa. Waɗanda suka tsara wancan shiri ba malamai ba ne, amma sun faɗi daidai a nan, mu kuma addininmu ya riga su faɗa, sai dai mukan manta in jini ya hau.

Yau ba rumfa ɗaya ba ce a gari, kowa da akwatinsa a tafin hannu. Kullum wani yana zuwa wurinka ko wurinki bai ga hoto ba, ƙara kawai ya ji, yana tambaya me ya faru. Me maƙwabciya ta ce? Wa ya fara faɗan kasuwa? Mutanen unguwar can da gaske su suka yi? A wannan lokacin ke ce Ilu, kai ne Ilu. Ba sai ka ƙirƙiri ƙarya za ka kashe mutum ba. Gyaɗa kai ya isa, tura saƙo ya isa, shiru ma ya isa. In ka san gaskiya, faɗe ta yadda take, ko da ranka ya fi son ɗayar.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka ji, ranar da ba mai iya ƙaryata mu.