Wayar da Injiniya Ya Binne

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum wanda Allah ya ba shi kai. Kowa Injiniya yake ce masa. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, sallah ba ta wuce shi. Ku riƙe wannan, domin kada wani ya ce labarin bai shafe shi ba.

Wata rana yana tafiya da tsakar rana, zafin kwalta ya ratsa takalminsa. Sai ya ce a ransa, wannan rana da ke zuba a kan titi a banza, me zai hana a kama ta a mai da ita wuta? Ya yi shekaru yana aiki a ɗan shagonsa, har ya haɗa allunan gilashi masu kauri, masu zuƙar hasken rana, da mota za ta iya takawa. Hukuma ta ba shi titin unguwarsu ya gwada. Aka shimfiɗa gilashi tun daga bakin kasuwa har ƙofar asibitin haihuwa.

Tunani ne mai kyau, kuma babu laifi a cikinsa. Amma da ya zo aunawa, sai ya ga abin da bai so ba. Taya tana shafa datti, motoci suna tsayawa a kai, inuwar benaye tana rufe rabin titin tun kafin la'asar. Wutar da ke shiga ɗakin batir, inda ake tara ta, ko fitilun titin ba za ta riƙe ba.

Me ya rage masa? Magana ɗaya: "Bai yi ba tukuna." Amma an riga an sa ranar buɗewa, an buga hotonsa, surukansa sun ɗinka sababbin kaya. Sai ya ji kunyar mutane ta fi masa nauyi. Ya ja waya daga layin wutar shagonsa, ya binne ta a ƙasa, ya haɗa da ɗakin batir. Ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne, kafin ya gyara.

Ranar buɗewa fitilu suka kama, aka yi tafi. Kuma wutar ba ta yankewa, domin shagonsa yana kan layin masana'antu.

Yana da ƙanwa, ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a asibitin nan. Ta zo ta same shi yana cin abinci, ta zauna a bakin tabarma.

"Yaya, janaretanmu ya tsufa, hayaƙinsa har ɗakin jarirai. Ina so in sa a haɗa mu da titinka. Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, zai riƙe mu?"

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ga ƙofar tuba a buɗe, ga wadda za ta rufa masa asiri. Amma ya dubi yadda take kallonsa tun suna yara, kamar babu abin da zai gagare shi.

Ya ce, "Wallahi zai riƙe ku."

Ta yi dariya ta ce, "Da ma na sani. Gaskiyar Inna da take cewa kanka ya fi hularka girma."

Ta tsaya wa maganar a gaban shugabanninta har suka yarda. Aka haɗa asibiti da titi, aka ba wani ƙaramin asibiti na nesa tsohon janareta. Shi kuwa kullum sai ya ce gobe zai faɗa, gobe zai gyara. Goben ba ta zo ba.

Ran nan ma'aikatan ruwa suka zo gyaran bututu. Motar haƙa ta sa baki a ƙasa, ta tsinke wata waya da babu wanda ya san da ita. Baturan suka ɗan ja, suka mutu. Rana tana tsaka, titi yana ƙyalli, asibiti ya yi tsit.

Akwai bakwaini a kwalba, yana shaƙar iska ta na'ura. Ɗan mai ɗinkin da ke kusa da shagon Injiniya ne, wanda iyayensa suka daɗe suna nema. Ƙanwar ta yi ta matsa masa iska da hannu, aka ruga neman janareta. Kafin a kawo, rai ya yi halinsa.

Aka bi wayar, ta kai har shagonsa.

Da 'yan sanda suka fito da shi, ƙanwar tana tsaye a ƙofa da kayan aikinta. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Yaya, da ka ce mini bai yi ba, da ni zan fara kare ka. Da sunan Allah fa ka rantse mini."

An ɗaure shi. An kore ta daga aiki, ita da ba ta san komai ba. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Aka ɗaye gilashin aka zuba kwalta, har masu gaskiyar da ke neman hanyar gyara wannan fasaha aka daina sauraronsu.

Ya 'yan uwa, shin gazawa ce ta halaka shi? A'a. Kowa yana gwadawa ya kasa, Allah bai hana ba. Abin da ya halaka shi, ya ji kunyar mutane fiye da kunyar Mahaliccinsa, ya sa sunan Allah ya rufe ramin da ya haƙa. Kai da ka san aikinka bai yi ba, ka faɗa yau, tun kafin wani ya jingina ransa a kan maganarka.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ko da a kanmu take. Allah ya ji ƙan wanda aka zalunta, ya karɓi tuban mai tuba. Allah ya kiyaye mu, amin.